Inda Uwargida Pyo Za Ta Ci Abinci Baɗi

Na bar birnin Daegu da hantsi, ina tuƙa babbar motar gidauniyar Uwargida Pyo, bayanta cike da kwalaye. Kowace shekara a irin wannan rana ta ƙarshen kaka wannan hanyar nake bi zuwa ƙauyen Samgol, kuma kowace shekara kwalayen da nauyinsu suke tafiya, domin sababbin littattafai ne a ciki. A bana babu kome a cikinsu. Tun jiya na haɗa su, na liƙe gindinsu, na ɗaure su da igiya don kada iska ta kwashe, kuma duk ramin da taya ta faɗa sai in ji suna tsalle a bayana.

Uwargida Pyo Geum-rye ita ce uwar ɗakina, ni ne direbanta har ranar da ta bar duniya. Da tallar busassun ƙananan kifi ta fara a kasuwar bakin teku, ta ƙare da jiragen kamun kifi nata na kanta da masana'antar ƙanƙara. Ba ta taɓa zama a aji ba. Da dukiya ta zauna mata, sai ta shiga gina ƙananan ɗakunan karatu na yara a garuruwan cikin duwatsu, inda motar haya ba ta zuwa sai safe da yamma. Sharuɗɗanta ba su da yawa: daɓen ɗaki ya zama mai ɗumi, kada kantar littattafai ta fi ƙarfin hannun yaro, kuma kada a ce wa kowa ya yi shiru. Akwai na ƙarshe, wanda ta faɗa da bakinta a gabana: duk garin da yara suka ƙare, a kwashe littattafan a kai inda yara suke.

Ba ta haihu ba. Wanda ya mutu bai bar ɗa ba, babu mai shimfiɗa masa teburin jesa, wato abincin da ake ajiye wa mamaci ranar da mutuwarsa ta zagayo, babu mai zuba masa shinkafa da miya, babu mai buɗe masa ƙofa. Ita ba mace ce mai kai kuka ba, sau ɗaya kawai na ji ta taɓo zancen, muna hawan dutse, ta ce, "Direba Yeom, wasu da ciki suka haifi nasu, ni da bulo na gina nawa." Bayan rasuwarta mutanen Samgol, inda ta gina ɗakin farko, suka ɗauki abin a kansu ba tare da kowa ya roƙe su ba. A cikin ɗakin karatun suke shimfiɗa mata tebur, yaron da ya fi ƙanƙanta cikin masu iya karatu shi ke zuba kofin farko, ni kuma in kawo kwalin sababbin littattafai a ajiye a gefen abinci.

Sauran ɗakunan sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. A bazarar bana aka rufe makarantar firamaren Samgol, yarinya ta ƙarshe ta bi iyayenta birni. Darakta Ha, ɗan ƙanin mijin marigayiya, wanda ke riƙe da gidauniyar, ba mugun mutum ba ne, maganarta yake bi. Ya ce mini littattafan za su koma wata sabuwar unguwa mai dogayen benaye a Gumi, ginin kuma hukumar gunduma za ta karɓa ta riƙa ajiye injinan noma. "Ka bari su gama hidimarsu tukuna," in ji shi, "sannan ka gaya musu. Kai suka sani."

Abin da na yi ta juyawa a raina a kan hanya ba littattafan ba ne. Littafi duk inda aka kai shi zai sami hannu. Tebur fa? Gidana ba wurinsa ba ne. Matata Gyeong-ae tana cikin manyan matan cocinsu, kuma tun farkon aurenmu muka yi magana muka gama: ba za a kunna wa mamaci turare a ƙarƙashin rufinta ba. Ko jesar mahaifina a gidan wana ake yi, ita kuwa ta taya su suya a kicin, amma ba ta shiga ta rusuna. Ban taɓa karya mata wannan ba, ita ma ba ta taɓa hana ni zuwa ba.

Ina shiga harabar ɗakin karatun na tarar da tsofaffin mata sun baza tabarma a rana suna jera soyayyen kifi da ganye a faranti. An rataye kanya jere-jere a bakin rufi tana bushewa. 'Yar Uljin ce ta fara hango ni. A Samgol ba a kiran matar aure da sunanta, da garin da aka auro ta ake kiranta, har ta tsufa ta mutu.

"Ga angonmu ya iso!" ta ce. "Direba Yeom, ina gashin kanka ya tafi? Bara da ɗan saura."

"Ya bi yaran garinku, Iya, ya koma birni."

Sai da maganar ta fita na ji nauyinta, amma su dariya suka yi.

"Ku ji ɗan banza! Sauko ka ɗanɗana mini wannan ganyen. Wai 'Yar Andong ta ce na sa tafarnuwa. Ni da na yi shekara sittin ina dafa wa matattu abinci, yau zan sa musu tafarnuwa?"

"Hannunki ne ke wari, ba ganyen ba," in ji 'Yar Andong. "Wanke shi kika ƙi yi."

'Yar Andong ita ke riƙe da mabuɗin ɗakin. Ta haura tamanin, bayanta ya ranƙwafa, amma ba ta yarda wani ya riga ta taɓa kwalin littattafai ba. A wannan ɗakin ta koyi haruffa, a wurin jikokin maƙwabta, bayan gashinta ya yi fari. Kafin in kashe mota har ta zagaya baya ta kwance igiya.

"Iya, bari, ni zan sauke."

"Kai ka sauke na sama. Kai, bana Darakta ya yi abin kirki, dubi yawansu!"

Ta kafa ƙafafunta, ta rungumi kwali ɗaya, ta tattara ƙarfinta duka ta ɗaga kamar yadda ta saba. Kwalin ya tashi sama babu nauyi, ta yi baya taga-taga, da ban tare ta ba da ta zauna a ƙasa. Ta tsaya riƙe da shi. Ta girgiza shi a hankali kusa da kunnenta. Sannan ta dubi sauran kwalayen da ke cike da mota, ta dube ni.

'Yar Uljin ta taso, cokali a hannu. "Mene ne? Fanko ne? Direba Yeom, me ya…"

"Rufe bakinki," in ji 'Yar Andong, ba da ƙarfi ba. "Baƙuwa na hanya. Ba a tarar ta da wannan." Ta mayar da kwalin inda ta ɗauko, ta gyara masa zama. "A bar su a mota. Sai an ci abinci."

Babu wadda ta ƙara tambayata kome. Suka koma kan farantansu, sai dai hirar ta mutu. Na so a ce sun zage ni, da na sami abin da zan riƙe.

Na cire takalmi na shiga. Daɓen da ɗuminsa, har cikin ƙashin ƙafa. Tun da yara suka ragu, tsofaffin nan ne ke wuni a ciki lokacin sanyi, domin gidajensu iska na shiga ta ko'ina. Su kishingiɗa a jikin kantocin da ba su wuce ƙugu ba, suna buɗa littattafai masu hotuna, suna gardama a kan ko damisar da aka zana ta yi kama da damisa. An tura teburan yara gefe, an kafa babban tebur ta bangon arewa. Baba Maeng, mai unguwa, ya riga ya rubuta sunan marigayiya a farar takarda ya jingina. Aka jera magarya da kanya a gaba, kifi da nama a tsakiya, shinkafa da miya a can kusa da sunan. Wurin da kwalin littattafai ke zama aka bar shi haka nan. Aka buɗe ƙofa kaɗan domin ta shigo.

Baba Maeng ya kunna turare, ya yi gyaran murya. "To, bana babu yaro. Ni zan zuba na farko."

"Ba kai ba," in ji 'Yar Andong. "Direba Yeom."

"Iya, ni na wuce sittin," na ce.

"A nan kai ne auta. Kuma kai ka san yadda take son a miƙa mata abu. Matsa."

Na durƙusa. Baba Maeng ya tsiyaya mini giyar shinkafa, na zagaya kofin a kan hayaƙin turare da hannu biyu, na ajiye a gaban sunanta, na tashi na rusuna har goshina ya taɓa daɓe, na sake. Gwiwoyina suka yi ƙara, wata a baya ta ce, "Auta ya tsufa," wata ta yi mata tsawa. Sauran suka zuba nasu. Aka buɗe murfin shinkafa, aka kafa cokali a tsakiya, sannan muka fita gaba ɗaya aka ja ƙofa, domin ba a tsaya wa mamaci a ka yana cin abinci.

A tsakar harabar muka tsaya, kawunanmu a ƙasa. Nan 'Yar Andong ta matso kusa da ni, ta yi magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan takalminta.

"Yaushe?"

"Yau, Iya."

"Duka?"

"Duka."

"Ɗakin fa?"

"Na gunduma ne daga gobe. Injinan noma za su zuba."

Ta gyaɗa kai. Ba ta ce a roƙi Darakta ba, ba ta ce an zalunce su ba. Ita ma ta san sharaɗin, tana wurin ranar da aka buɗe ɗakin.

"Littafi na yara ne, a kai musu," ta ce. "Amma baɗi ina Uwargida za ta zo? Ba a tashi a bar mamaci ya zo ya tarar da ƙofa a garƙame. Yau ne za a gaya mata, tun tana zaune. In ta tashi ba a faɗa ba, nan za ta dawo baɗi, ta tsaya a cikin injina."

Kowa ya ji, ko da yake ba ta ɗaga murya ba. Baba Maeng ya ce shi gidansa akwai kakanni, kuma ba a haɗa wanda ba ɗan dangi ba da su a tebur ɗaya. Ko ya yarda, 'ya'yansa ba za su yarda ba. 'Yar Uljin ta ce ita ɗanta zai zo ya ɗauke ta bayan sanyi, ya riga ya kama mata gado a gidan kula da tsofaffi a Pohang.

"Can ko kyandir ba sa bari a kunna," ta ce. "Teburin maigidana ma surukata na miƙa wa, ita kuwa a kanti take sayo soyayyen kifin, mutumin da bai taɓa cin abincin kanti ba yana da rai."

"Ke fa, Iya?" na tambayi 'Yar Andong, ina jin kunyar tambayar.

"Ni da nake shirin komawa wancan gefen teburin? In kai ta gidana bana, baɗi mu biyu mu rasa mai zuba mana?"

Wani ya kawo zancen gidan ibada na kan dutse, inda ake biya a yi wa mamaci hidima. 'Yar Andong ta ce ta taɓa gani, sunaye jere kamar masu jiran abinci a tasha, kuma matar da ta ɗumama wa yaran mutane daɓe ba za ta ci a layi ba. Na tuna sabon wurin na Gumi, hawa na sama a cikin bene, mai na'urar da ke ihu in ta ji hayaƙi. Na tuna Darakta, wanda ke tuna gwaggonsa da furanni da jawabi a zauren otal, babu ko ƙwayar shinkafa. Duk wanda na ɗauko a raina sai in mayar. Babu wanda ya dube ni, kuma rashin dubana ya fi kallo nauyi.

Baba Maeng ya yi tari a bakin ƙofa domin ta san za mu shigo, ya buɗe. Aka ɗauke miya aka ajiye ruwa. Saura a ƙone takardar sunan a sallame ta. 'Yar Andong ta taɓa gwiwar hannuna.

"Wanda ya zuba na farko shi ke faɗa."

Na durƙusa ban san abin da zan ce ba. Zan iya cewa na yi tunani na yanke shawara, amma ba haka aka yi ba. Na dubi farar takardar ne kawai, na ga babu wani adireshi a duniya da zan iya faɗa mata ban yi ƙarya ba sai guda ɗaya.

"Uwargida," na ce, "ni ne, Yeom Dong-su. Yaran Samgol sun ƙare, za a kai littattafan inda kika ce a kai. Baɗi kada ki zo nan. Ki zo Daegu, unguwar bayan tashar jirgi ta gabas, tsohon bene mai launin ƙasa da ke kallon kantin magani, hawa na huɗu, ƙofar hagu. Babu na'urar hawa, ki yi haƙuri da matakala. Gidan ƙarami ne. Zan bar ƙofa a buɗe."

Na ji 'Yar Uljin tana jan hanci a bayana. Baba Maeng ya kunna wa takardar wuta, ya saki tokar a cikin kwanon ruwa.

Muka zauna muka ci abin da ta rage, kamar yadda ake yi. 'Yar Uljin ta yi ta tura mini kifi tana cewa in ci, mai ɗaukar baƙuwa ba ya tafiya da yunwa. Bayan nan na shigo da kwalayen. Na ce su zauna su huta, ba su saurare ni ba. Suka zauna a daɓe, kowace da tsumma, duk littafin da aka sauko da shi sai an goge bangonsa kafin ya shiga kwali. Aikin da zan gama cikin ɗan lokaci ya kai mu har rana ta karkata, domin sukan buɗe wani su tsaya.

"Wannan ne na kurege mai satar wake. Ku sa shi a sama, shi za su fara nema."

"Yaran birni sun san kurege ne? Sai su ce ɓera ne."

"To su koya, ba don haka aka kai musu ba?"

Da kantoci suka zama fanko, ni na zagaya bayan ginin na kashe tukunyar da ke ɗumama daɓen, na rufe bututun mai. Sanyi bai riga ya kama ba, amma yana hanya, kuma na san inda matan nan za su wuni in ya zo. Tunanin wannan ba ya cikin aikin da aka aiko ni, amma hannuna ne ya murɗa.

'Yar Andong ta ba ni mabuɗi, sannan ta miƙo mini wata ƙaramar tukunyar ƙarfe mai murfi, da ɗanyar shinkafa a ciki, da kaskon turaren a ɗaure cikin ƙyalle.

"A cikin tukunyar nan Uwargida za ta bi ka. Gaba za ka sa ta, ba cikin kaya ba. Kada ka tsaya a hanya, ko shan ruwa. Kada ka shiga gidan kowa kafin naka. In kun zo gada ka ce mata ga gada." Ta riƙe hannun rigata. "Matarka ta sani?"

"A'a, Iya."

"Hm," ta ce, ta sake ni.

Na ɗaura wa tukunyar bel a kujerar gefena. Ban tsaya ko'ina ba, don haka ban iya kiran gida ba, littattafan ma na bar kai su sai washegari. Kowace gada na faɗa.

Ana kunna fitilun titi na hau matakalar gidanmu, tukunya a ƙirjina. Hannuna ba sarari, sai na ƙwanƙwasa da gwiwar hannu. Gyeong-ae ta buɗe, hannunta jiƙe da ruwan wanke-wanke. Ta dubi tukunyar, ta dubi ƙullin ƙyallen. 'Yar ƙauye ce ita ma, ba ta buƙaci bayani ba.

"Baban Eun-bi, mene ne wannan?"

"Uwargida Pyo ce. An rufe Samgol. Babu wanda zai karɓe ta."

"Shi ne ka faɗa mata gidana."

"Na faɗa."

"Ba ka tambaye ni ba."

"Ban tambaye ki ba."

Ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya. A ƙasa wani ya shigo da keke yana jan sa a matakala. Ban roƙe ta ba, domin alkawarin da ke tsakaninmu ni na taka shi.

"Matar nan ta zo asibiti ranar da na haifi Eun-bi," ta ce daga bisani. "Ta kawo miyar ganyen teku a tukunya, ta zauna har na shanye." Ta goge hannunta a jikin riga. "Ba zan dafa ba. Ba zan rusuna ba. Ranar, coci zan tafi in wuni, in na dawo kada in ji warin turare."

"Na ji."

"Kuma iyakar ranka ne. In ka riga ni, ba zan ɗauka ba, kuma kada ka ɗora wa 'yarmu Eun-bi. Ka nemi inda za ka faɗa mata tun kana iya durƙusawa."

"Na ji, Maman Eun-bi."

Ta matsa gefe, ta manne da bango don kada tukunyar ta taɓa ta, na wuce ciki.